Gidan Nabame na Argungu: me ke riƙe ginin ƙasa, doka ko yaɓe?

A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya da ake gado. Amma shaidar ta tsaya kan bikin, ba ta shafi tsohuwar fadar garin ba, wato Gidan Nabame, wanda yau ake kira Gidan Tarihi na Kanta.

Ginin na ƙarni na 19 ne, kuma yana ɗauke da sunan Sarkin Kabi Yakubu Nabame. Nan sarakuna suka zauna har 1942 da aka koma sabuwar fada, sannan a 1958 aka mayar da shi gidan tarihi. A ciki akwai makamai da tambura, da kaburburan sarakuna.

Ginin ƙasa irin na Hausa ba ya rayuwa sai da hannu a kansa. Ana ɗora tubali a haɗe da laka, a rufe soro da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, sannan a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame. Kafin kowace damina sai an sake yaɓe, an share indararo. Shekara biyu ko uku na sakaci sun isa ruwa ya huda rufi.

Maganin da aka fi garzayawa gare shi, wato shafen siminti, sau da yawa shi ne ajalin bangon. Siminti yana kulle danshi a ciki, ƙasa ta ruɓe a ɓoye, wata rana ɓawon ya zube da abin da ke bayansa.

Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, NCMM, tana kare ginin da aka ayyana a hukumance. Kufan Surame, birnin Muhammadu Kanta, ya samu wannan matsayi tun 1964. Tsohon zauren wani gida a Birnin Kebbi ko wani ƙauyen fadama kuwa, magada na iya rushe shi gobe su zuba shaguna, ba su taka wannan doka ba. Ko inda aka ayyana, takarda ba ta yaɓe bango. Sai an ware kuɗin gyara duk shekara, an kuma samu maginan gargajiya, waɗanda aikin bulo ke janye 'ya'yansu daga sana'ar.