Kwamfuta Mai Manhaja Biyu, da Rikicin Agogonta a Makka

Batun kimiyya na wannan mako a kan kwamfuta ne wadda a ke zaunar da babbar manhaja biyu a cikinta, da kuma wani rikici da ya kan same ta, wanda ya fi tsanani a birnin Makka bisa ga Kano ko Maraɗi.

Babbar manhaja ita ce uwargidan kwamfuta. Ita ke karɓar abin da aka buga, ta ajiye shi, ta ba kowace ƙaramar manhaja wurinta da lokacinta. Guda biyu ne zancen ya shafa. Ta fari Windows, wadda kamfanin Microsoft na Amurka ya fara fitarwa a 1985. Ta biyu Linux, wadda wani ɗalibi mai suna Linus Torvalds ya soma rubutawa a Helsinki ta ƙasar Finlan a 1991, ita kuwa kyauta a ke ba da ita. Ɗalibi a Jami'ar Ummul Ƙura, ko ɗan kasuwa cikin Hausawa mazauna Makka, yana iya bukatar Windows domin takardun ofis, ya kuma bukaci Linux domin koyon rubuta manhaja, alhali ba shi da kuɗin na'ura biyu. Sai ya haɗa su gida ɗaya.

Zaman nasu irin na kishiyoyi ne masu karɓa-karɓar girki. Ba su aiki tare. In ɗaya na tsaye, ɗayar tana kwance ba ta san abin da a ke ciki ba. Amma akwai abubuwa uku da tilas su yi tarayya a kansu, watau faifan ajiya, da ƙofar shiga, da agogo, kuma kusan duk wata fitina daga nan ta kan taso.

Kafin a taɓa kome sai a kwafe muhimman takardu zuwa wani wuri dabam, gama aikin da ke biye yankan gona ne, wuƙa kuwa ta kan zame. Windows a ke fara sawa. Sa'an nan a tsuke yankinta a kan faifai, a bar fili ga Linux. Dalilin wannan jeri shi ne, Linux in ta zo ta kan nemi wanda ta tarar, ta kafa wani mai tsaron ƙofa da a ke kira GRUB, wanda ke tambayar mai na'ura wadda ya ke so duk sa'ad da ya kunna. Windows ba ta yin wannan karamci. In ita ta zo daga baya, sai ta sa kanta gaba, har mutum ya zaci Linux ta salwanta. Galibi tana nan lafiya lau, sai dai a shiga saitin farko na na'urar a mai da ita kan jerin tashi. In faifan yana kulle da BitLocker, lalle mutum ya rubuta mabuɗin ceto mai lamba 48 a takarda tun da wuri, don sauyi a ƙofar shiga ya kan sa Windows ta nemi shi.

Akwai kuma wani tarko. Tun daga Windows 8 ta 2012, in an ce wa Windows ta mutu ba ta mutuwa sarai, barci ta ke yi domin ta tashi da sauri, ta bar yankinta kamar ɗakin da mai shi ya fita bai kwashe kaya ba. Linux in ta ga haka ta kan ƙi rubutu a wurin, kuma gaskiyarta ce, don rubutun na iya ɓata takardu. Maganin shi ne a kashe wannan saiti, wanda Microsoft ta raɗa wa suna Fast Startup.

To, sai agogo, wanda shi ne ainihin zancen.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan agogo da ba ya tsayawa ko an kashe wuta. Wani batir ne kamar kwabo ke riƙe da shi, da wata 'yar ƙanƙarar dutse mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa guda. Wannan agogo lambobi kaɗai ya sani. Zai ce ƙarfe 9 ne, amma ba ya faɗin ko 9 na wane gari. Manhajar da ta tashi ita za ta fassara, nan ne kuwa suka saɓa. Windows, bisa al'adar da ta gada, tana ɗauka lokacin garin da a ke zaune ne. Linux kuwa tana ɗauka agogon duniya ne, wanda masu sauraron rediyo suka sani da agogon GMT, sa'an nan ta ƙara ko ta rage bisa ga ƙasa.

Agogon Sa'udiyya yana gaban GMT da awa 3. Mai sauraro ya ƙaddara ƙarfe 12 ne na rana a Makka, Linux ce kuma a tsaye. Ta tambayi intanet, ta sami lokaci daidai, ta nuna 12, amma a cikin ɗan agogon nan 9 ta rubuta, don shi ne GMT. Aka kashe, aka ta da Windows. Ta duba ta ga 9, ta nuna 9 na safe, ga rana kuwa tsaka. Mai na'ura ya gyara, Windows ta rubuta 12. Ya koma Linux, ita kuma ta ga 12, ta ƙara 3, ta ce ƙarfe 3 ne na yamma, har sai ta sake samun intanet. Haka za su yi ta yi, kowace tana ɓata gyaran 'yar'uwarta, babu wadda ta lalace a cikinsu. A Kano ko Maraɗi bambancin awa 1 ne kawai, shi ya sa alhaji zai iya daɗewa da wannan aibi a gida yana haƙuri da shi, sai ya sauka Makka ya ga ya ninka uku.

Mutanen Makka dai ba baƙin lokaci biyu ba ne. Har zuwa ƙarshen shekarun 1960 a kan yi lissafi a Sa'udiyya da agogon Larabawa, wanda a ke mayarwa ƙarfe 12 da faɗuwar rana, baƙi kuwa suna riƙe da nasu. Yau babban agogon da ke kan hasumiya mai tsawon mita 601 daura da Harami, wanda aka fara kunnawa cikin Ramadan na 2010, ya isa shaida ga duk mai tababa, don faɗin fuskarsa mita 43 ne. Salla ma ba a cika jin tsoro a kanta ba, tun da ya ke kiran ladanin Harami ba ya barin kowa ya ɓata. Inda ɓarnar ta ke shi ne wurin wanda ya dogara ga na'ura ta tashe shi sahur, ko ta tuna masa jirginsa daga Jidda, ko ɗalibin da aka yanka wa sa'ar miƙa aiki. Har wa yau, daga tsakar dare zuwa ƙarfe 3 Windows za ta riƙa nuna kwanan watan jiya, ko da a kalandar Ummul Ƙura aka sa ta.

Magani iri biyu ne, ɗaya kaɗai kuma a ke yi, don in an yi duka an juya rikicin ne kawai. Ko dai a ce wa Linux ta bi al'adar Windows, da umurnin timedatectl set-local-rtc 1, ko kuwa a ce wa Windows ta bi ta Linux, a shiga rajistarta wurin saitin yankin lokaci, a ƙara wata ƙima mai suna RealTimeIsUniversal a ba ta lamba 1. Na farkon ya fi sauƙi, kuma ya wadatar ga mazaunin Makka, gama Sa'udiyya ba ta tura agogonta gaba da bazara yadda Ingila ke yi. Amma matafiyi mai kai da kawowa tsakanin Kano da Makka, inda ratar ta ke awa 2, na biyun ya fi masa, domin ɗan agogon zai zauna kan GMT ba a taɓa shi, kowace manhaja ta sake abin da ta ke nunawa kaɗai. A wajen zaɓen gari kuma ba za a ga sunan Makka ba. Riyad a ke zaɓa, kamar yadda Bakano ke zaɓen Legas, Bamaraɗe kuma Yamai.

Ana iya rarrabe wannan ciwo da waninsa ba tare da an je wurin mai gyara ba. In kuskuren awa 3 ne cif, mintoci kuwa daidai, to saɓanin manhajojin ne. In kuwa na'ura ta tashi tana faɗin wata shekara da ta wuce tun tuni, ko mintocin ma sun kauce, to ɗan batirin nan ne ya ƙare, lambarsa galibi CR2032, ana kuwa samunsa wurin masu gyaran agogo.