CIWON ZARTO MAI INJI: A AUNA KAFIN A YANKE HUKUNCI

Zarto mai inji yana cikin kayan aikin da suka rage wa mutane wahala ƙwarai. Itacen da a dā ƙarti huɗu za su wuni suna sara da gatari, yanzu mutum ɗaya ya kan kayar da shi kafin hantsi. A 1926 wani injiniya, Andreas Stihl, ya ƙera mai aiki da lantarki, a 1927 kuma Emil Lerp ya fito da mai shan fetur. Na farkon nan nauyi gare su, sai mutum biyu ke riƙe su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne irin wanda mutum ɗaya ke ɗauka ya bazu.

To, kome amfanin abu ba ya rasa ranar ciwo. Idan zarto ya ƙi tashi, wani lokaci makaniki ya kan ce sandar fistin ce ta lanƙwashe. Magana ce mai tsada, gama gyaranta sai an wargaza injin duka. Saboda haka ya kamata akawun da zai rubuta takardar biyan kuɗin gyara, da malamin da ke koya wa yara sana'a, su san yadda a ke tabbatar da ita.

AIKIN SANDAR

Injin zarto silinda ɗaya gare shi. A cikinta fistin ke hawa da sauka, a ƙarƙashinsa kuwa akwai karanshaf, watau ƙarfen da ke juyawa yana jan sarƙa. Sandar nan ita ke haɗa su biyu. Kanta na sama yana riƙe da fil ɗin fistin, na ƙasa kuwa yana zaune a kan boris mai siraran allurai. In an ba shi wuta sosai, injin ya kan juya fiye da sau 12,000 a minti ɗaya, don haka da ƙarfe mai tauri a ke ƙera sandar, aikin yau da kullum ba ya lanƙwasa ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dalilan da aka fi sani uku ne. Na farko, ruwa ko fetur ya cika silinda, kamar idan zarto ya faɗa rafi. Iska tana matsuwa, amma ruwa ba ya matsuwa, sai ƙarfin ya koma kan sandar. Na biyu, ganganci wajen kwance kuloci: a zura ƙarfe ta ramin fulogi a tokare fistin, sa'an nan a yi ta dukan sifana da guduma. Na uku, guntun zoben fistin ko ƙusa ya faɗa ciki ya tokare shi yana cikin gudu.

ZATO BA SHAIDA BA NE

Alamun da a kan kafa hujja da su su ne raunin matsi, da yawan jijjiga, da baƙuwar ƙara, da tauri a wuri ɗaya in ana jan igiya. Amma kowace tana da waɗansu dalilai da suka fi aukuwa. Matsi ya kan raunana domin zobe ya cinye, ko domin an zuba fetur ba a gauraya shi da mai ba har fistin ya kakkarce. Jijjiga kuwa sau da yawa boris ne ya mutu. Alƙali ba ya yanke hukunci da zato, sai da shaidu. Ga yadda a ke neman su.

Da fari a kashe makunni, a cire sarƙa da fulogi, a juya injin a hankali da hannu, a lura ko yana cijewa a wuri guda kowane zagaye. A kwance salansa, a leƙa ta ramin a ga ko jikin fistin ya karce.

Na biyu, a auna ratar da ke tsakanin kan fistin da rufin silinda. A sami wayar dalma mai kauri, irin ta masu gyaran rediyo, a lanƙwasa ta, a zura ta ramin fulogi har ta taɓa bango. A juya injin fistin ya danne ta, a zaro, a auna kaurin inda ya baje. A yi haka a dama da hagu, daidai bakunan fil. Galibi ratar tana tsakanin rabin milimita da milimita 1. In ta yi yawa ainun, mai yiwuwa sandar ta gajarta. In gefe ɗaya ya fi ɗaya, mai yiwuwa ta karkace.

Na uku, a cire silinda da fistin. Sandar da ta karkace ta kan sa fistin ya cinye sama a wannan gefe, ƙasa a wancan. A mai da fil cikin kan sandar tare da boris ɗinsa, a auna nisan kowane bakinsa daga shimfiɗar da silinda ke zama a kai. Lalle ne awon biyu su zo daidai. Har wa yau a kama sandar a ja ta sama da ƙasa. Ɗan motsi zuwa gefe ba laifi ba ne, haka aka ƙera ta, amma motsi sama da ƙasa, ko launin shuɗi a gindinta, ya nuna boris ya ƙone.

MAGANI

In shaidu sun tabbata, kada a yarda a kai ta maƙera a miƙe ta. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka mai da shi ya riga ya yi rauni, ranar da zai karye kuwa ya kan fasa injin, alhali yana hannun mutum, sarƙa tana gudu. Bugu da ƙari, gindin sandar zobe ne rufaffe, tun a masana'anta a ke matse ta tare da karanshaf, shi ya sa galibi tare a ke sayar da su. Sai a sake su gaba ɗaya, da boris, da robobin da ke toshe iska, da 'yan zobban da ke tsare fil. Bayan an haɗa, a gwada ko iska tana yoyo kafin a tayar. In zarton ƙarami ne, a gwama kuɗin gyara da na sabo tukuna.

Rigakafi dai ya fi magani. Mai kwance kuloci ya tokare fistin da abin roba da aka yi domin haka, ko da igiya mai tsabta bayan fistin ya hau ya rufe ramin salansa. Ya kuma tuna barimar kuloci ta hagu ce, wajen da a kan ɗaure ƙusa nan a ke kwance shi. In silinda ta cika, a cire fulogi, a kife zarton nesa da wuta, a ja igiya har ta tsane. A gauraya mai yadda masu ƙira suka faɗa, galibi kashi 1 cikin fetur kashi 50, watau mililita 100 a lita 5.

Duk wanda aka kawo masa takardar gyara, ya tambayi abu biyu: me aka auna, me kuma ya jawo ciwon? In ba a gano dalilin ba, sabuwar sanda ma hanyar tsohuwa za ta bi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.