Safar Hannun Masu Keke: Ana Neman Marar Soso, Kasuwa Ta Cika Da Mai Soso

'Yan kasuwa da dillalai, yau ga wata 'yar ƙaramar haja wadda ba a cika kula da ita ba, watau safar hannu ta masu keke da 'yan kabu-kabu. Duk wanda ya taɓa kasa ta a Dandin Mahe, ko Shagari, ko Boɗinga, ya san yadda cinikin yake tafiya. Mutum zai jingine kekensa, ya ɗauki safa ya zura hannu, ya dunƙule ya buɗe, sa'an nan ya tuɓe ya aje ya ce, "Malam, wagga ta cika tudu. Ba ka da marar soso?" In ka ce babu, sai ya hau abinsa ya wuce. Kai kuwa ga dozin biyu a buhu tun bara, kuɗinka ya kwanta.

Masu hawan keke sun ƙaru. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, mutane da yawa suka kakkaɓe tsohon Raleigh da Phoenix da ke rataye a zaure suka kai wa mai gyara. Saboda haka batun nan ya cancanci a tsaya a kansa.

To, me ya sa namu ba su son mai soso, alhali ita ce masu kamfani suka fi yi? Dalili shi ne ba don su aka yi ta ba. An yi ta ne don masu keken tsere na Turai, waɗanda sukan duƙa su ɗora nauyin ƙirji a kan tafin hannu sa'o'i da yawa. Akwai wata jijiya da ta bi ta gindin tafi wajen ƙaramin yatsa, in an daɗe ana danne ta sai yatsu biyu na ƙarshe su sage. Don a sauƙaƙa wannan ne aka cusa soso ko wata roba mai laushi a wurin. Amma mai keken ƙauye a miƙe yake zaune, nauyinsa yana bisa sirdi, hannu riƙo kawai yake yi. Shi abin da ke damunsa dabam ne: sanyin asuba na hunturu da ke tsattsaga fata, da zafin ƙarfe in keke ya sha rana, da kanta, da ƙujewa in an faɗi. Fata ɗaya marar kauri ta ishe shi duk wannan.

Soson kuma yana da nasa laifi a ƙasarmu. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, yakan sha gumi ya riƙe, ya yi wari, ya dunƙule wuri guda kamar tsohuwar katifa, har ya koma yana danne wurin da aka sa shi ya kare. Mai ɗauke da buhun gero ko jarkokin ruwa a bayan keke cikin rairayi yana so ya ji kan keken sosai a hannunsa, ya kuma cafki birki ba tare da wani abu ya tokare shi ba. Ɗan kabu-kabu kuwa ga totur ga kuloci, ga ƙirgar canji kowane minti. Wa zai tsaya tuɓe safa don ya ba da naira hamsin?

Sai maganar inda ake samunta. Mafi yawan safar da ke yawo a kasuwanninmu iri biyu ce: sabuwa 'yar Sin ko 'yar Fakistan (garin Siyalkot ya shahara da ɗinkinta), da kuma ta gwanjo. Ta gwanjo takan zo ne cikin dila, gauraye da huluna da safar ƙafa, ta tashar Kwatano ko Lome, ta ratso Nijar ta ɓullo Birnin Ƙonni da Illela. A tuna fa, tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, shi ya sa duk abin da ya taɓa iyaka yakan taɓa farashin dila. Kun gani da idonku sa'ad da aka rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufewar iyakar Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Wanda ba ya son wannan ciwon kai, sai ya sara a babbar kasuwar Sakkwato, ko ya aika Kano, Ƙofar Wambai don gwanjo, Sabon Gari don sabuwa.

Abin da nake so dillali ya gane shi ne, kada ya je yana tambayar "safar keke". In ya faɗi haka mai soso za a miƙo masa. Marar soso tana nan, amma da sunan wata sana'a take zuwa. Akwai ta makanikai, mai tafin fatar roba da bayan yadi, wadda 'yan kabu-kabu suka fi so. Akwai ta mahaya doki da 'yan holo, siririya ce mai kama hannu. Akwai ta masu keken hawan duwatsu, mai cikakkun yatsu, da yawanta babu komai a tafi. Akwai kuma ta leburori, farar saƙa mai ɗigo-ɗigon roba, wadda ta fi kowace arha, tana tafiya da sauri cikin hunturu amma ba ta ƙarko. Ta gola da ta masu ɗaga ƙarfe kada ma a ɗauko, kauri gare su.

Ga wani tarko a dilar gwanjo. Za ka tarar da wata farar safa mai laushi kamar auduga, fata ce ta gaske, babu soso ko kaɗan, ka ce ka tsinci dami a kala. Ta 'yan wasan golf ce, su kuwa hannu ɗaya suke sawa, yawanci hagu. Sai ka tara ashirin ka rasa ta dama ko guda. Kafin ka biya, zauna ka haɗa dama da hagu, ka yi ciniki a kan waɗanda suka haɗu, sauran a ba ka gyara.

A duba tsakanin babban yatsa da manuni, nan take fara yagewa. A shafa tafin sabuwa da farce, in fatar roba ce da ta kwana biyu a sito za ka ga tana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Wajen girma kuwa, ana auna kewayen tafi ne ban da babban yatsa, kuma hannun manomi ya fi na ɗan birni faɗi, saboda haka a rinjayar da sari wajen L da XL. Ƙananan sai 'yan makaranta, su kuma ba kasafai suke da kuɗi ba.

Wanda mai soso ta riga ta kwanta masa, kada ya karyar da ita tukuna. Da yawa soson ɗinke shi aka yi daga baya cikin 'yar aljihu. A juya safar, a farke gefe ɗaya da reza, a zaro shi, tela ya maida ɗinki. Wadda aka manna da gam ce ba ta gyaruwa, in an ja sai tafin ya huje.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki, har ma da ɗan takaici. Fatar da duniya ke nema don safar hannu a ƙofar gidanmu take. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi, tun zamanin ayari ake ɗaukar fatarta a ratsa Sahara, Turawa suna saye a bakin teku suna ce mata fatar Maroko, suna rufe littattafai da ita, suna ɗinka takalma da safar hannu. Fatar tumaki masu gashi irin na ƙasashen zafi ita ma haka, ba ta da kauri amma tana da ƙarfi. Wani kamfani a garin Yeovil na Ingila mai suna Pittards, wanda aka kafa a 1826, ya yi suna wajen jeme irin wannan fata, musamman ta Habasha, don safar 'yan keke da 'yan golf, har ya durƙushe a 2023. Mu kuwa muna loda ɗanyar fata a mota zuwa Kano, mu dawo muna tonon dila muna neman ta hagu da ta dama.

Baduku zai iya ɗinka ta? Mai yanke yatsu, i, ba wuya. A farke tsohuwa guda a ba shi ya yi zubi da ita. Safar masu tsere ta dā ma haka take, tafi fata, baya saƙar zare mai huji-huji don iska, irin wadda matanmu masu kwarashi za su gama cikin yini. Mai cikakkun yatsu ce ke son gwani, don tsakanin kowane yatsa akwai 'yar tsiri da ake sawa. Amma a yi hattara da fatar da za a ba shi. Jimar gargajiya ta bagaruwa tana da kyau a jaka da matashi da kube, sai dai in ta sha gumi ta bushe takan ƙandare, jan rinin karan dafi kuma yana iya zuba a hannu. Wadda ta dace ita ce jimar kamfani irin ta Sharaɗa da Chalawa a Kano, mai laushi, da kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Ba sai an sayi fata sukutum ba, ragowar yanka da masu takalma ke sayarwa a Ƙofar Wambai ta isa tafin safa, tunda tafi bai wuce faɗin hannu ba.

Mai son gwadawa ya fara da kaɗan, kamar dama da hagu goma, ya ba 'yan kabu-kabu biyu ko uku na tashar garinsu su yi mako da ita, ya ji abin da za su ce game da ɗinki da maɗaurin wuyan hannu kafin ya zuba jari. Lissafinsa ya haɗa kuɗin fata, da ladan baduku, da na mai saƙa, da kuɗin mota, sa'an nan ya gwada da farashin ta makanikai a ranar, don da ita mai saye zai auna.

Lokacin sari kuwa shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ana cikin kaka, kuɗi na hannun manoma, sanyi bai sauko ba balle 'yan dila su ɗaga farashi. Mai cikakkun yatsu a sayar da ita kafin ƙarshen Fabrairu. Daga Maris sai mai yanke yatsu, ita ce ke tafiya har faɗuwar ruwa.