Maganin Ciwon Daji Mai Aiki da Haske

Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, yana tasowa ne idan ƙwayoyin jiki suka riƙa hayayyafa ba tsari. Yau za mu duba wata hanyar yaƙarsa da magani da haske.

A shekara ta 1900, wani ɗalibi a Jamus mai suna Oscar Raab ya lura cewa wani rini yana kashe ƙananan halittun ruwa idan haske ya same su. Bayan shekaru fiye da 70, Thomas Dougherty na Amurka ya gwada dabarar a kan masu ciwon daji. A 1993 ƙasar Kanada ta amince da maganin Photofrin.

Yaya yake aiki? Ana yi wa majiyyaci allura. Maganin ya fi daɗewa cikin ƙwayoyin ciwon. Bayan kamar kwana 2, sai likita ya haska jan haske daidai wurin. Nan take maganin ya haɗu da iskar da jini ke kai wa jiki, ya zama guba ga ƙwayoyin. Kamar ashana ne: ba ta kamawa sai an ƙyasta.

Amma hanyar tana da iyaka. Hasken ba ya shiga nama fiye da kimanin santimita 1. Saboda haka ta fi amfani ga ciwon da ke saman fata, ko wanda siririn bututu zai iya kaiwa, kamar na maƙoshi da huhu. Kuma wanda aka yi wa allurar Photofrin, tilas ya guji rana aƙalla kwana 30, don kada fatarsa ta ƙone. Mu manoma mun san nauyin wannan sharaɗi, musamman da damina.

Darasinmu shi ne: wannan hanya da sauran hanyoyi duka sun fi cin nasara idan ciwo bai yi nisa ba. A ƙasarmu akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji a Yamai, wadda ta soma gashi da na'ura a 2021. Gashin nan dabam yake da maganin haske.

Idan muka ga gyambon da ya ƙi warkewa, ko ƙullutu a mama, mu hanzarta zuwa asibitin Madarunfa. In da bukata, za a tura mu Maraɗi ko Yamai. Zabiya kuwa su riƙa sa malfa da riga mai dogon hannu, domin rana tana jawo musu ciwon dajin fata. Kada mu saƙa wurin, kada mu ɓata lokaci da maganin kasuwa. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.