Tsakanin Maraɗi da Damagaram: shin jirgin sama yana rage wa matafiyi hanya?

Daga filin jirgin saman Maraɗi zuwa na Damagaram, in aka miƙe ta sama, tazarar ba ta wuce kilometir 200 da ɗan kai ba. Jirgi mai farfela irin Fokker 50, wanda kamfanin Niger Airlines ya fara aiki da shi a shekarar 2014, yana gudun kilometir wajen 500 a awa guda. Bisa takarda, tafiyar minti 25 ce. Amma jirgi sai ya yi gudu a ƙasa, ya hau, ya sauko sannu a hankali, don haka lissafin gaskiya yakan kai minti 40.

A nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya ɗauki alƙalami. Matafiyi zai isa filin jirgi awa guda ko fiye kafin tashi, a auna kayansa, a duba takardunsa. In ya sauka, zai jira kaya, sannan ya nemi motar shiga gari. Idan aka haɗa duka, an doshi awa 3. Ita kuwa hanyar kwalta da ta bi ta Tasawa kilometir wajen 235 ce, kuma mota mai lafiya tana cinye ta cikin awa 3 zuwa 4, ta aje mutum bakin kasuwa da kayansa, ba wanda ya ce masa sun yi nauyi. Ribar minti kaɗan ba ta biyan kuɗin tikiti.

Zancen yana sakewa ƙwarai idan daga Yamai aka taso. Ta sama, daga filin Diori Hamani zuwa Damagaram kilometir wajen 740 ne, tafiyar da ba ta cika awa 2 ba in babu zango. Ta ƙasa kuwa kusan 900 ne, domin hanyar tana karkata ta Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni da Maraɗi. Wanda ya shiga motar safa da asuba, sai dare ya ga Damagaram. Ma'aikacin da aka aika aikin kwana biyu, ta mota kwana huɗu zai yi ba ya ofis.

Wannan ne ya sa jiragen cikin gida suka fi dogara ga dogon zango, Maraɗi kuwa ta kan zama wurin sauke wasu a ɗauki wasu. Ko a hakan, riƙe jirgi a ƙasar nan bai taɓa zama abu mai sauƙi ba: Air Niger ya daina aiki a 1993.

Sai kuma hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu tana iya rufe fili har matuƙi ya kasa ganin wurin sauka, a ɗage tashi zuwa wata rana. Mai alkawari da abokin ciniki a wannan lokaci ya kan koma tashar mota da jakarsa.