Aikin kwamfuta daga nesa: Abin da matashin Diffa zai duba kafin ya tambayi albashi

A watan Disambar 2014 aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Forage, mai nisan kimanin kilomita 45 daga garin Diffa, domin karɓar waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga jihohin Borno da Yobe. Yaron da ya shiga sansanin yana ɗan shekara goma, yau ya haura ashirin. Yana da waya a hannu, yana kuma ganin tallace-tallace a Facebook da TikTok masu cewa mutum zai iya zama a ɗakinsa ya yi wa kamfanin Turai ko Amurka aikin manhaja, a biya shi da dala, babu mai tsaya masa a kai.

Ba matasan sansanin kaɗai maganar ke ja ba. A garin Diffa da ƙauyukan bakin kogin Komadugu, hanyoyin samu na da sun tsuke. Bayan harin da aka kai Diffa da Bosso ranar 6 ga Fabrairun 2015, an kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka taƙaita kamun kifi da cinikin tattasan da ake wa laƙabi da jan zinare. An sassauta wasu matakan daga baya, sai dai ambaliyar kogin ta sha cinye gonaki.

Aikin ƙungiyoyin agaji, wanda masu ilimin boko suka dogara da shi, shi ma ya ja baya. Hukumomin Nijar sun janye izinin ƙungiyar ACTED a Nuwamban 2024, suka sallami ICRC a Fabrairun 2025, a daidai lokacin da Amurka ta datse kuɗaɗen USAID. Yamai kuwa tana da nisan sama da kilomita 1,300.

Aikin daga nesa gaskiya ne, akwai shi. Amma ga mazaunin Diffa, girman albashi ba ya nuna ko aikin zai zo da kwanciyar hankali. Abubuwa uku ne ke nuna hakan: agogon da aikin ke bi, yadda yake jure ɗaukewar wuta da intanet, da hanyar da kuɗin zai bi ya iso hannu.

Agogon wa za a bi?

Nijar na gaban birnin San Francisco da awa tara a lokacin sanyi, awa takwas a lokacin zafinsu. Ke nan idan kamfani ya buɗe ƙarfe 9 na safe a can, a Diffa ana shirin magariba ne, idan ya tashi ƙarfe 5 na yamma kuwa, ƙarfe ɗaya ko biyu na dare ta yi. Wanda ya karɓi aikin da dole sai ya zauna tare da su kai-tsaye, ya sayar da barcinsa da hirar iyalinsa.

Da Turai lissafin ya bambanta. Agogon Nijar ɗaya ne da na Faransa da Jamus a lokacin sanyi, tazarar awa ɗaya ce kawai a sauran watanni. Ga wanda ya yi karatu da Faransanci, kamar ɗaliban Jami'ar Diffa da aka kafa a 2014, wannan ƙofa ce babba. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 Faransa ke da dokar da ta amince ma'aikaci na da haƙƙin kashe na'urorin aiki bayan tashi. Dokar ba ta shafi ɗan kwangilar da ke Diffa ba, amma kamfanin da ya saba da ita bai cika neman mutum tsakar dare ba.

Lamarin ya shafi lafiya kai-tsaye. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya nuna cewa aikin awa 55 ko fiye a mako na ƙara haɗarin shanyewar jiki da kashi 35 cikin 100, idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Dokar ƙwadago ta Nijar awa 40 ta tanada.

Idan wuta ta ɗauke

Shekaru da dama intanet ya dogara ne ga layukan Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom, waɗanda ƙarfinsu ke raguwa da zarar an bar gari. A Maris 2025 Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar, shekara biyu bayan shigarsa Najeriya. Wannan ya sa wuri irin Sayam na iya samun intanet mai ƙarfi ba tare da dogaro da turken waya ba.

Sai dai na'urar ma wuta take ci. Babban farantin Starlink na jan kimanin wat 75 zuwa 100, ƙaramin samfurin Mini kuma 25 zuwa 40, ga kwamfutar cinya da ke buƙatar 45 zuwa 65. Ba tare da sola da batiri ba, aikin na iya tsayawa a kowane lokaci, balle a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura maki 40. Saboda tsadar kayan, ya fi sauƙi matasa biyar ko shida su haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya.

Ko da an tanadi duk wannan, wata rana sai an rasa layi. Shi ya sa irin aikin ke da muhimmanci. Akwai kamfanoni irin su GitLab da Automattic, mai tafiyar da WordPress.com, da suka gina tsarinsu a kan rubutu: a rubuta aikin, mutum ya yi shi a lokacin da ya dace da shi, ya miƙa kafin wa'adi. A irin wannan tsari, ɗaukewar wuta ta awa uku jinkiri ce kawai. A aikin amsa kiran abokan ciniki ko gadin manhajar da ba a so ta tsaya ko na minti ɗaya, awa ukun nan na iya zama dalilin kora.

Ayyukan da suka fi jure wa yanayin Diffa sun haɗa da kula da shafukan intanet da aka riga aka gina, gwada manhaja don gano kurakurai, tsaftace bayanai, da rubuta jagorar amfani da manhaja. Wanda ya taɓa tattara bayanai da KoboToolbox a aikin agaji ya riga ya taka matakin farko.

Yadda kuɗin zai iso

Kafin a fara kowane aiki, ya kamata a tabbatar cewa dandalin na biyan mazauna Nijar, domin ba duka ke yi ba. A cikin gida akwai NITA da Amana da asusun waya, amma kuɗin waje sai ya bi ta banki ko kamfanin aika kuɗi tukuna, kuma kowane mataki na cin wani kaso. Ɗan gudun hijira na da ƙarin matsala, saboda dandali da dama na neman fasfo ko katin ɗan ƙasa, ba takardar sansani ba.

Akwai fa'ida ɗaya ga mai karɓar yuro: darajar sefa a ɗaure take, yuro ɗaya sefa 655.957. Mai albashin yuro ya san abin da zai shigo masa kowane wata, saɓanin mai karɓar naira da darajarta ta zube tun Yunin 2023.

Duk wanda ya ce a biya kuɗin rajista ko na horo kafin a ba da aiki, ɗan damfara ne. Haka ma masu turo saƙo a WhatsApp ko Telegram cewa a danna hotuna a samu riba bayan an ajiye jingina.

Darasi daga wasu wurare

Ba kowane aikin kwamfuta ne mai sauƙi ba. A 2022 da 2023 mujallar TIME ta bankaɗo halin da ma'aikatan kamfanin Sama ke ciki a Nairobi, masu tace munanan hotuna da rubuce-rubuce wa Facebook da OpenAI, wasunsu a kan ƙasa da dala biyu a awa. Ga wanda ya taso cikin ganin tashin hankali, wannan aiki fami ne.

Sabon shiga ma bai cika samun aikin natsuwa nan take ba. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014, ya sallami ƙananan masu rubuta manhaja sama da 400 a 2019, yana cewa kasuwa ƙwararru take nema. Zuwan ƙirƙirarriyar basira ya ƙara tsananta gasar a matakin farko.

Amma akwai misalin da ya fi kusa da Sayam. A sansanin Dadaab na Kenya, Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da Majalisar 'Yan Gudun Hijira ta Norway sun horar da matasa, waɗanda suka haɗu suka kafa Dadaab Collective, suna karɓar aiki a dandalin Upwork da sunan ƙungiya. Idan ɗaya ya rasa layi, wani ya ƙarasa, batun takardu da karɓar kuɗi kuma ƙungiya ce ke ɗauka.

Matashin Diffa na da abin da ɗan Indiya ko Filifins ba shi da shi, wato harshe. Da yawa na jin Kanuri da Hausa, wasu har da Fulatanci, ga Faransanci ko Turanci. Google Translate ya saka Hausa tun 2013, Kanuri kuwa sai 2024, kuma har yanzu manhajojin fassara na buƙatar masu gyara musu rubutu da murya.

Don haka kafin sa hannu, tambayoyi huɗu sun wajaba: awa nawa ne dole a zauna kai-tsaye, ana kiran ma'aikaci da dare ko a ƙarshen mako, me zai faru idan layi ya katse rabin yini, kuma ta wace hanya da wace rana ake biya. Kamfanin da ya ƙi ba da amsa a rubuce ya riga ya nuna irin zaman da za a yi da shi.