Zaɓen Hanyar Ajiyar Faifai ga Kwamfutocin Kwaikwayo a Ƙananan Cibiyoyi: Misali daga Yashe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana hanyoyin da ake bi wajen tanadar wa kwamfutar kwaikwayo faifai. Abin da muke nufi da kwamfutar kwaikwayo shi ne kwamfuta wadda ba ta da gangar jiki, manhaja ce ke gina ta a cikin uwar kwamfuta guda, har a sami goma ko ashirin suna aiki lokaci ɗaya. Kamfanin IBM ya fitar da tsarin VM/370 a 1972, aka kuma shigar da KVM cikin Linux a 2007. Tun da Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, buƙatar cibiyoyin kwamfuta ta kai ga garuruwa irin su Yashe da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina.

2.0 Hanyoyin Ajiya

Hanya ta farko ita ce a yanke wa kowace kwamfuta cikakken rabonta tun daga farko, ko dai a ɗanyen fayil ko kuma a yankin LVM. Wannan tana da sauri da sauƙin gyara, sai dai tana cin wuri.

Ta biyu ita ce fayil mai girma a hankali, kamar qcow2 na QEMU, da VMDK na VMware, da VHDX wanda Microsoft ya fitar a 2012. Amfaninta shi ne tattalin wuri da ɗaukar hoton yanayin faifai. Haɗarinta kuwa alkawarin abin da babu. Alal misali, kwamfutoci 40 masu gigabait 50 kowace, jimlarsu gigabait 2,000 ke nan; idan aka ɗora su kan faifai mai 1,000, ranar da ya cika dukkansu za su tsaya cik.

Ta uku ita ce ajiyar tarayya ta hanyar sadarwa, kamar NFS da Ceph. Ita Ceph, a ƙa'ida, tana son uwayen kwamfuta uku aƙalla.

3.0 Ma'aunin Zaɓe

A ganinmu, a wuri kamar Yashe, katsewar wutar lantarki da ƙarancin ma'aikacin da zai yi gyara su ne ma'auni, sauri yana biye. Idan aka saita faifai ya riƙe rubutu a ƙwaƙwalwar wucin gadi kafin ya sauke shi, to ɗaukewar wuta tana iya tafiya da amsoshin ɗalibai. Haka kuma hoton yanayi ba kwafin ajiya ba ne, domin yana zaune a faifai ɗaya da asalin.

4.0 Kammalawa

Bisa ga haka, shawararmu ga cibiya mai uwar kwamfuta ɗaya ita ce faifai biyu masu kwafin juna, da cikakken rabo ga kwamfutar da ke riƙe bayanan jarrabawa, da batirin da zai ba da damar kashewa cikin tsari, da kwafi a wani gini dabam. Ajiyar tarayya kuwa sai manyan cibiyoyi, irin jami'o'in Dutsin-Ma da Katsina.